Tekun da ke Bisa Kanmu

Ran Litinin na rufe littafi,
na ce wa 'yan aji biyar su ɗaura takalma,
yau kogi ne malaminsu.
Muka gangaro daga Kagbeni da hantsi,
kafin iskar azahar ta taso daga kudu
ta fizge mana magana a baki.

Kali Gandaki na tafe, baƙi kamar ruwan wankin tukunya.
Kunsang ya tsinci wani dunƙulen dutse,
sumul, bai fi ƙwan agwagwa ba.
Na miƙa masa guduma.
Bugun farko ya kuskure,
na biyu ya sami babban yatsansa,
a na uku dutsen ya dare gida biyu,
sai ga ta kwance, a naɗe kamar gammo,
haƙarƙari bi da bi,
katantanwar da rabonta da haske
shekara miliyan ɗari da hamsin.

Na ce, wannan a teku ta rayu,
kuma nan da kuke tsaye gindin tekun ne.
Suka bushe da dariya.
Ban ga laifinsu ba.
Cikinsu babu wanda ya taɓa ganin teku,
ni kaina a kalandar kantin Pemba na san shi.

Sai na cire mayafina na ulu,
na shimfiɗa a kan yashi.
Dolkar, dafe nan, ke ce ƙasar arewa.
Jampa, dafe can, kai ne Indiya, turo.
A hankali, yaro, ba kokawa ba ce.
Mayafi ya tattare,
nan tudu, nan kwari, nan ninki kan ninki.
Na ce su ɗaga kai.
Nilgiri na tsaye da hular ƙanƙara,
ga ninkin nan a ƙirjin duwatsu
tamkar wanda ke gaban gwiwoyinsu.
Dariyar ta tsaya.

Hawainiya ma mai gaggawa ce, in ji ni.
Ƙasa tafiyar farce take yi:
abin da yatsanka ya tsiro a shekara,
kusan shi Indiya ta matso.
Da wannan taku aka matse teku,
aka ɗaga taɓonsa sama da gajimare.
Kogin nan ma ya girme tsaunukan,
suna tashi yana yanka,
har yau ba wanda ya ce wa wani ya isa.

Dolkar ta ce masu ziyara daga kudu
a ƙyalle suke naɗe irin dutsen, su ɗora a goshi.
Na ce, na gani.
Abin da ya yi wannan doguwar tafiya
ko ni da hannu biyu nake karɓarsa.

Jampa bai ɗauke hannu daga mayafin ba.
Malama, sun gama turawa?

Na san bangon gidansu.
Na san tsagar da ta hau shi daga tushe zuwa rufi
a shekarar da ƙasa ta girgiza,
na san yatsa uku na shiga ciki,
na san uwarsa har gobe kusa da ƙofa take kwana.
Da akwai ƙarya mai taushi a bakina.
Na haɗiye ta.

Ba su gama ba, Jampa.

Iska ta iso a kan lokacinta.
Muka hau gida, kowa da dutse a aljihu.

Bayan wata guda, kafin kiran suna,
ya ajiye min kwalin ashana a tebur.
Na buɗe: yankan farce goma, farare, sirara kamar jinjirin wata.
Ya ce, tafiyar Indiya ce ta watan nan,
na auna.

Yana nan a bakin taga, kusa da katantanwar.
Duk ƙarshen wata yakan ƙara.